Agogon Kubura a Hannun Zalika

Duk direban da ya daɗe yana bin hanyar Tawa ya san Kubura mai tuwo, ko da bai riƙe sunanta ba. A mahaɗar Tsarnawa, inda kwalta ke rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe Malbaza ɗaya ta karya arewa, nan ta yi sana'arta tun tana da goyon fari har furfura ta fito mata a gefen kunne. Ba ta taɓa kafa rumfa ba. Sauran mata suna zaune a inuwa suna jiran mai saye, ita kuwa in kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya can nesa, sai ta ɗora langa a ka ta bi shi, ta miƙa wa direba tuwonsa ta taga, ta dawo ta sake ɗauka. Daga gida zuwa bakin hanya, daga bakin hanya zuwa rijiya, daga rijiya zuwa wurin niƙa. Takalmin roba ba ya yi mata damina biyu. Ƴaƴanta sun tashi sun fi sanin bayanta da fuskarta, don kullum tana gaba suna biye.

A Alela aka haife ta, gidan manoma. Aure ya kawo ta Tsarnawa, gidan Dogo mai amalanke, mutumin da ake wuni da shi a gona ba a ji muryarsa ba sai in zai yi wa jaki magana. Albasa yake ɗauka da rani, gero da dawa da kaka, wani lokaci bulo ko buhun siminti. In ya zo wucewa ta mahaɗa ba ya tsayawa, ba ya ko juyowa. Sandarsa kawai yake ɗagawa sama kaɗan, ita kuma ta ci gaba da kwasar tuwo kamar ba ta gani ba. Amma ƙanzon tukunya ba na sayarwa ba ne, ko wa ya tambaya; kowa ya san wanda ake ajiye wa.

Ta haihu da dama, biyu suka tsaya. Shafi'u, ɗan fari, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya zama malamin wasanni a wata makarantar sakandare a Yamai. Zahara'u kuma tana aure a Tajaye. Kubura ba ta faɗin sunan ɗan fari, saboda haka ranar da ya fara koyarwa ta samu sauƙi, ta koma ce masa Mushe kamar yadda ƴan lakwal ke kiran malamansu.

Dogo ya rasu da kaka, bayan la'asar. Ya shigo da dammunan gero, ya kwance jaki, ya jingina da rumbu ya ce a ba shi ruwa. Kafin ta ɗebo ta iso, rai ya yi halinsa. Maƙwabciyar da ta fara shigowa ta ce ta tarar da Kubura tsaye da moɗa a hannu, da ta ga mutum ya shigo sai ta juya ta mai da ruwan cikin randa, ta rufe da faifai. Ba ta yi kururuwa ba. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka kai shi, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya da murya iri ɗaya.

Sai ta shiga takaba. Ta cire ƴan kunne, ta cire awarwaron azurfa wanda ya bar mata farin zobe a wuyan hannu, ta daina kwalli da lalle. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Dogo, ƙarƙashin ƙusar da rigarsa ta gona ke rataye, ta zauna. Matar da ba a taɓa ganin ta zaune da rana ba ta zauna kamar dama abin da take jira ke nan. Ba baƙin ciki take ji ba, da shi ne da ta san sunansa. Ji take gaba ɗayanta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce. In an kawo abinci ta ci. In ba a kawo ba, ba ta tambaya.

Mai kawowar ita ce Zalika, taubashiyarta, ɗiyar kawunta, wadda ita ma aure ya kawo Tsarnawa. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in tana daka ana jin turminta daga bayan masallaci. Kullum da hantsi za ta shigo ba sallama mai tsawo, ta leƙa ɗaki ta ce, "Baiwata, an tashi? Yau ma uwargijiyarki ce za ta yi miki bauta? Duniya ta juya." Da can Kubura sai ta rama har da ƙari. Yanzu sai ta ce, "Sannu da zuwa." Zalika ta tsaya ta dube ta, ta ja tsaki, ta wuce wurin turmi.

Takaba ba ta yi nisa ba, wata safiya Kubura ta tashi za ta ɗebi ruwan alwala, ta faɗi a bakin randa. Zahara'u, wadda ba ta koma Tajaye ba tukuna, ta nemo mota aka kai ta asibiti a Ƙonni. Likita ya sa mata abin sauraro a ƙirji ya daɗe yana ji. Ya ce zuciyarta wani lokaci tana gudu, wani lokaci tana tuntuɓe. Ya rubuta magani, ya ce ta rage gishiri, ta riƙa takawa a tsakar gida ko da kaɗan ne, kuma lalle likitan zuciya ya gan ta a Yamai. Kubura ta ce, "To." Suka dawo, ta koma kan tabarmarta.

Shafi'u ya zo a ƙarshen mako da motar aro. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, mota na waje. Na samo randebu, an ba mu ranar ganin likitan zuciya. Ki tashi mu tahi."

"Ba ni hita ɗakin ga sai na gama."

"Na biya wurin liman. Ya ce lalura ce, babu laihi, kina iya ƙarasawa can."

"Na ji."

"To?"

"Ba ni hita."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba. Shi kuwa ya san ba a jan uwa a sa a mota. Da alama ma ya zo da shirin haka, don sai ya buɗe jakarsa ya fiddo abu biyu ya aje a kan tabarma. Na farko agogon hannu ne sabo, mai baƙar fuska da baki ruwan zinariya. Na biyu wata baƙar ɗamara ce ta roba mai ɗan ƙulli a tsakiya, tasa ce da yake ɗaurawa in zai yi gudun safe da ɗalibansa.

Ya yi bayani a hankali, kamar a aji. Agogon, in ji shi, a hannu yake zama dare da rana, yana lura da yawan tafiyar mutum, yana kuma jin bugun jini a wuyan hannu. Ba ya damun kowa, sai dai yakan ruɗe in hannu na yawan motsi. Ɗamarar kuwa a ƙirji ake ɗaura ta, ƙarƙashin riga, a kan fata, sai an jiƙa ta da ruwa kafin ta kama. Ba ta san tafiya ba, zuciya kawai ta sani, amma ita ba ta ruɗewa. Kowanne daga cikinsu yana gaya wa tsohuwar salular da zai bari a ɗakin, ita kuma ta gaya wa tasa a Yamai.

Zalika, wadda ke tsaye da muciya a hannu, ta ɗauki ɗamarar da yatsu biyu ta ɗaga sama. "Wanga kam guru ne. Mushe, kokowa za ka sa ta? Ku ɗaura mata, mu kai ta hilin Tawa ta ɗauko muna takobin sarkin kokowa."

Zahara'u ta yi dariya ta rufe baki, don gidan makoki ne. Ta ce ita dai agogo ta gani. Wa zai riƙa ɗaura wa Inna abu a ƙirji kullum, ita da ko ɗiyarta ba ta yarda ta gan ta ba riga? Ga zafi, ƙuraje za su fito mata. Shafi'u ya ce shi da son ransa ne ɗamara, don zuciya ce matsalar, ba ƙafa ba. Suka yi ta yi, shi da ƙanwarsa, a kan uwarsu tana zaune tsakaninsu tana kallon bango. Daga baya ya juyo ya ce, "Inna, ke za ki sa. Wanne?"

"Duk wanda kunka ga dama."

Aka tsaya a kan agogo. Zahara'u ta ɗaura mata, ya zauna daidai kan farin zoben da awarwaro ya bari. Shafi'u ya jona salular da batirin sola, ya aje ta a kan taga. Duk da haka ya nuna wa uwar wani koren wuri a fuskar salular, ya ce in wata rana ta ga damar ɗamara, ta jiƙa, ta ɗaura, ta danna nan. Sannan ya faɗi sharaɗinsa. "Zan sa a ɗaga randebun. In na ga kina motsawa, zuciya na tahiya daidai, na bar ki ki gama a ɗakinki. In na ga shiru, ko na ga ta rikice, zan dawo, kuma ba shawara za ta kawo ni ba." Ta ce, "To." Ya koma Yamai. Zahara'u ta rataye ɗamarar a ƙusa, bayan rigar ubanta, bayan kwana biyu ita ma ta koma Tajaye.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne agogon yana da ɗabi'a: in an ɗaga hannu, fuskarsa ta yi haske. Ranar Juma'a mata suka zo gaisuwa, cikinsu har da Takama, yayar Dogo, tsohuwa mai kaifin ido wadda ta yi takaba sau biyu ta san ƙa'idarta ciki da waje. Aka zauna, wata ta ce a yi wa mamaci addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. Cikin duhun ɗakin, wuyan hannun Kubura ya haska, bakin zinariyar ya ɗauki ido.

Takama ta jira aka shafa, ta jira baƙi suka rage, sannan ta ce, "Kubura, mi nike gani? Ƙanena ko ƙasa ba ta gama kwanta mai ba, an mai da awarwaro?"

"Ba awarwaro ba ne, Yaya. Na magani ne. Mushe ya kawo."

"Magani mai walƙiya? Ni dai ban taɓa ganin mai takaba da zinari a hannu ba. Ku ƴan Alela ko haka kuke yi, ban sani ba."

Kubura ba ta yi musu ba. Musu yana buƙatar ƙarfin da ba ta da shi, kuma a ranta ba ta ga ƙaryar Takama ba: abin yana da kyau, ita kuwa ba lokacin kyau take ciki ba. Ta kwance shi ta aje a gefen tabarma.

Da hantsi washegari Zalika ta gan shi a ƙasa. Ta ji labari, ta zagi Takama iya son ranta a tsakar gida inda ba za a ji ba, sannan ta dawo ta tsuguna. "To yanzu hwa? Yaron ga ya ce in ya ga shiru zai zo ya kwashe ki. Kina son tahiya?"

"A'a."

"Kina maida shi?"

"A'a."

Zalika ta juya agogon a tafin hannunta. "To ni ba ni takaba. Nawa mijin yana nan, ya ƙi mutuwa, sai munshari." Ta ɗaura a hannunta, da ƙyar ramin ƙarshe ya kama. "Abu dai shi ji motsi, ko? Zai ji motsi."

Ba da mugunta ta yi ba. A ganinta agogon kamar ɗan aike ne da aka ce ya riƙa leƙawa ya ga ko gidan da rai, kuma gidan da rai. Kubura ta ga an ɗaura, ta san ba daidai ba ne, ta kuma san abin da take so ke nan. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Zalika ta shiga daka. Taɓarya ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, agogo yana ɗaukar kowace saukarta a matsayin taku. Ta yi surfe, ta yi ribɗi, ta yi tankaɗe, ta tuƙa tuwo. Ta tafi gidanta ta yi nata dakan, ta je rijiya ta ja guga. Duk sanda ta shigo ɗakin Kubura da kwano, agogo ya zube wa salular taga labarin wuni, salula ta aika Yamai.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Muryar Shafi'u cike da murna. "Inna! Yau ai kin kai Malbaza kin dawo a ƙasa! A tsakar gidan nan kika yi wannan duka?"

Kubura ta dubi Zalika, wadda ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Alhamdu lillahi."

"Zuciyar ma lahiya lau. Kamar ta budurwa. Maganin ya karɓe ki. Amma ki riƙa hutawa, kar ki wuce ƙima."

"To."

Haka aka yi ta tafiya. Sanyi ya shigo, aka fara dashen albasa a fadama. A wayar Shafi'u uwarsa tana tashi da kuzari, tana wuni a tsaye, ranar kasuwar Ƙonni ma har ta fi kullum. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa abokan aikinsa, ya kira Zahara'u ya ce ashe ita ce da gaskiya, agogon ne daidai. A ɗakin Dogo kuwa Kubura tana kan tabarma. Tana shan magani in Zalika ta miƙo. Ƙafafunta suka fara kumbura, in ta danna da yatsa sai ramin ya daɗe bai cike ba. Ta koma yin salla a zaune. Daga ƙofar ɗaki zuwa randa, tafiyar da a da ba ta san tafiya ba ce, sai ta tsaya a tsakiya ta dafa rumbu. Duk wannan tana ganinsa kamar a jikin maƙwabciya yake faruwa.

Zalika ta fara lura. Wasan ya fara fita daga bakinta. Wata rana ta ce, "Baiwata, ƙafar ga taki ba ta yi mini ba. In gaya ma yaron?"

"Saura kaɗan in gama."

"Saura kaɗan ki gama mi? Takaba ko ke kanki?"

Kubura ta mai da idonta kan ƙafafunta. Zalika ta fita tana gunaguni, amma ba ta kira kowa ba, don in ta kira sai ta fara da bayanin hannun da agogo yake.

Sai wata Laraba da hantsi Shafi'u ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, randebun nan da na sa aka ɗaga, lokacinsa ya matso. Akwai wani abokin aikina, babansa na jin jiki ƙwarai, sun rasa wuri. Na ce tunda ke kin samu sauƙi haka, gobe in je in ce a ba su namu. Ke in kin gama sai mu nemi wani a hankali. Ko ya kika gani?"

Abin da take so ke nan tun farko, an kawo mata har tabarma. Ba mota, ba Yamai, ba mai sake tada maganar. Ta ce, "To."

Ta aje wayar. A waje turmin Zalika yana ta bugawa. Ta zauna tana jin sa, tana jiran ta ji daɗi ko ta ji tsoro, ba wanda ya zo. Idonta ya sauka a kan rigar Dogo, da ɗan baƙin bakin ɗamara da ya leƙo ta ƙasanta. Sai ta tuna shi jingine da rumbu. Da safen ranar ya ci ƙanzonsa, ya ɗaura wa jaki kaya, bai ce ko kansa na ciwo ba. Wataƙila abin ya daɗe yana yi masa tuntuɓe a ƙirji, shi ma yana cewa saura kaɗan a gama kaka. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya ji. Ita da ta kwana ɗaki ɗaya da shi shekara da shekaru, ruwa kawai aka ce ta kawo, shi ma ba ta kai ba. Ta ga Shafi'u tsaye a Yamai da waya a hannu, kamar yadda ta tsaya da moɗa.

Ta dafa bango ta miƙe. Ta sa hannu bayan rigar ta zaro ɗamarar. Ta tura ƙyauren ɗaki, ta zuba ruwan buta a tafin hannu ta shafa wa robar kamar yadda ya nuna, ta ɗaga riga ta zagaya da ita. Sanyinta ya sa ta ja numfashi. Da ta saki rigar, ba abin da ya nuna. Ba haske, ba zinariya, ko Takama ta zo ta zauna gabanta ba za ta ga komi ba. Ta isa taga ta danna koren wurin.

Kubura ba ta yi lakwal ba, amma mai sana'a ta san lamba. Lamba ta fito, ta hau, ta ƙara hawa, ta faɗo, ta sake zabura. A gefenta wani ɗan zane yana ƙiftawa, ba a jere ba, kamar jakin da ƙaya ta shiga ƙafarsa. Ta tsaya tana kallo. Ita ba ta jin komi, amma ga abin cikin ƙirjinta yana ta fama shi kaɗai, ko wa ya sa shi, oho. Ta koma ta zauna, ta bar ɗamarar a jikinta.

Ba a yi azahar ba waya ta yi ƙara. Wannan karon bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Inna, mutum biyu nike gani a wayata. Ɗaya na aiki, zuciyarta lahiya. Ɗaya kuma..." Sai ya tambaya, "Wa ya ɗaura ɗamara?"

"Ni."

"Agogon hwa?"

Zalika, wadda ta shigo da kwano ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta karɓi wayar. "Mushe, ni ce. Budurwar taka ni ce. Tun watan jiya. In zagi ne ka zage ni, ni na ɗaura da hannuna."

Bai zage ta ba. Ana jin hayaniyar yara a filin makaranta daga can ɓangarensa. Sannan ya ce, "Inna Zalika, ba ta wayar." Da Kubura ta karɓa ya ce, "Ba ni ba da randebun. Gobe ina tahe."

"To," in ji ta. Wannan karon ta ƙara da cewa, "Ka taho da sannu, hanyar Dogon Dutsi ba ta da kyau."

Da labari ya kai wa Takama, ta zo da sandarta. Ta ga ƙafafun, ta danna da yatsa da kanta. Daga baya ta ce ai lalura ce, Allah ma ya sani, a tafi. Ba ta tada maganar awarwaro ba, ba wanda ya tada mata.

Da Shafi'u ya iso washegari, Kubura ba ta ɗauki kaya da yawa ba, zanen takabarta da carbi da ledar magani. Rigar Dogo ta bar ta a ƙusarta. Ta ja ƙyaure ta kulle, ta ba Zalika mabuɗi, ta ce a riƙa ba jaki ruwa. Zalika ta fara kwance agogo za ta mayar, Shafi'u ya ce ta bar shi, ya riga ya saba da ita. Ta ce, "Ka dai cire ni daga wayarka, kar in yi faɗa da mijina ka gani a Yamai." Ta bi motar a ƙasa har mahaɗa, tana magana ta taga, tana cewa baiwa ba ta tafiya ba izinin uwargijiya, a dawo mata da ita da wuri. A mahaɗar wani kamyo yana tsaye can gaba, mata suna zaune a inuwa ba wadda ta tashi. Kubura ba ta juyo ba. Da motar ta hau kwalta ta karya yamma, hannunta kawai ta ɗaga sama kaɗan.

A Yamai ta gama takabarta, cikin wani ɗaki mai daɓen tayil da fanka, inda ba abin da ke warin gero ko jaki. Likitan zuciya ya canza mata magani, ya ce an zo da sauran lokaci, ya kuma ce wa Shafi'u waɗannan na'urorin ba su maye gurbin asibiti. Kumburin ya sauka. Ranar da ta fita takaba matar Shafi'u ta sa mata lalle, ta miƙa hannu aka sa.

Ta dawo Tsarnawa gab da shuka. Ba ta koma tuwo ba. Da ta buɗe ɗakin ta tarar da rigar a inda ta bar ta, ƙura ta hau kafaɗunta, ƙamshin mai ita ya fita. Ta kakkaɓe ta mayar. In an tambaye ta ko tana jin ciwon rashin ƙarasawa a ɗakinta, cewa take, "An dai gama."

Agogon yana hannun Zalika har yau, da shi take sanin lokacin salla, kuma ba ta daina gaya wa mutane cewa likitan Yamai ya shaida zuciyarta ta budurwa ce ba, ko da yake ba likitan da ya taɓa faɗin haka. Kubura kuwa kowace safiya tana jiƙa ɗamararta da ruwan buta, ta ɗaura ƙarƙashin riga, ta danna koren wuri, ta sa salular a lalita. Tana fita a hankali, ba langa a ka. In ta zo daidai rumbu takan dafa shi ta ɗan tsaya, ko da numfashinta bai ƙare ba, sannan ta wuce bakin hanya.